Ranar da Baba Ya Manna wa Mama Haƙori

Tun ina ƙarama, a bayan tafin hannu na san dariyar Mama. In abu ya ba ta dariya, hannun ne ke riga sautin fitowa. Haƙorinta na gaba, na sama ta ɓangaren hagu, a karye yake. Rabinsa ya tafi, rabin da ya rage kuma ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kofi. A kan babur ɗin Baba ya karye, shekarar da suka yi aure. Wai ya kauce wa wani rami ne ya faɗa wani. Baba bai taɓa ba mu labarin ba. Goggo, yayarsa, ita ke bayarwa, kuma duk sanda ta bayar sai ramin ya ƙara zurfi.

Baba mai gyaran agogo da tabarau ne. Shagonsa yana ƙarƙashin benen da muke zaune, ɗan ɗaki ne da tebur ɗaya da fitila mai lanƙwasasshen wuya da kujerar da masu kawo gyara ke zama. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an kira wani ya gyara wani abu a gidanmu ba. Fanka, dutsen guga, hannun tukunya, zip ɗin jakar makarantata, duk ta hannunsa suka bi. Yakan ce, "In dai ina numfashi, ba wani ƙato da zai hau mini bene da akwatin kayan aiki." Haƙorin Mama ne kaɗai ya gagare shi. Ina ganin shi ya sa ya yanke cewa ba ya buƙatar gyara. "Ni haka na fi son ki," yake ce mata, ita kuma ta yi murmushi a bayan hannu.

Sai haƙorin ya fara ciwo. Ciwo na gaske, har kuncinta ya tasa. Dole aka tafi wurin likitan haƙori, ni ce kuma na raka ta, don Baba yana da agogon wani da ya yi alkawarin gamawa.

Likitan dattijo ne mai sanƙo, gajere, mai yawan magana. Irin mutanen nan ne da sai sun cika maka baki da auduga sannan su yi maka tambaya. Ya cire jijiyar da ta mutu, ya cike ramin, ya goge abin da ya rage na haƙorin har ya koma ɗan kututture. Bayan an auna an kai an haɗo, ya ɗora masa abin da ya kira hula, wani ɗan kwanso na tangaran mai kama da haƙori sak, ya manne shi da simintinsu na likitoci. Kafin mu fito ya ja kunnenmu.

"Abin da ke ƙarƙashin hular nan siriri ne, ba shi da ƙarfi kamar da. In ta girgiza ko ta fita, ku nannaɗe ta ku kawo mini yadda take. Kada a taɓa. In kututturen ya tsage, ba ni da abin da zan ɗora wa hula, sai dai cirewa gaba ɗaya."

Ya miƙa wa Mama madubi. Ta daɗe tana kallo. Sai ta yi dariya, hannayenta biyu suna riƙe da madubin, ba wanda ya samu damar tashi. Ashe Mama tana da ɗan loɓawa a kumatun hagu. Ni 'yarta ban sani ba sai ranar.

Da muka dawo, Baba ya zaunar da ita kusa da taga, ya maƙala ɗan gilashin nan da yake duba cikin agogo da shi a idonsa, ya ce ta buɗe baki. Ya duba ta nan, ya duba ta can.

"Ya fi sauran fari," ya ce.

"Likita ya ce in an kwana biyu ido zai saba."

"Kuma ya ɗan fi na kusa da shi faɗi."

"Baban yara, ka ce ya yi kyau mana."

"Ya yi," ya ce, ya cire gilashin ya sa a aljihu. "Ba laifi."

Daga nan gidanmu ya samu sabuwar magana: likita ya ce. Likita ya ce kada ta ƙara tsinke zare da haƙori in tana ɗinki. Likita ya ce ta riƙa zura ɗan zaren sakace tsakanin haƙoran, don abinci yana maƙalewa a gefen hular. Likita ya ce ta yanka abu mai tauri ta tura shi ciki maimakon ta gatsa. Mama ba da wata manufa take faɗa ba, tsoron abinta kawai take ji. Amma duk sanda ta faɗa, sai in ga muƙamuƙin Baba ya motsa.

Kuma hular ba ta zauna lafiya tun farko ba. In ta rufe baki, ita ke fara haɗuwa da haƙorin ƙasa kafin sauran, sai ta ji kamar tana cizon tsakuwa. Muka koma. Likita ya ba ta wata siririyar takarda shuɗiya ta ciza, ya ga inda shuɗin ya fito, ya ɗan goge wurin. Bayan nan dasashin da ke saman hular ya yi ja yana fitar da jini in ta goge baki. Muka sake komawa, ya kankare ɗan simintin da ya ɓuya a ciki. Duk komawar nan Mama sai ta sa mayafinta mai kyau, abin da kowa ke yi in zai fita. Baba kuwa yana ƙasa a shago, yana ganin wucewarmu ta gilashin ƙofa.

Ranar da muka dawo daga goge hular, ya kira ni shago. Uwata yake ce mini.

"Uwata, zauna. Me aka yi a can?"

"Takarda ta ciza, Baba."

"Shi ke nan?"

"Sai ya goge."

Ya ci gaba da juya wani ƙaramin noti, bai ɗago ba. "Ta yi dariya?"

Ni ba na iya ƙarya, kunnuwana zafi suke yi. "Ta yi."

"Da hannu ko ba hannu?"

"Ba hannu."

"Me ya faɗa haka mai daɗi?"

"Cewa ya yi haƙoran ƙasa ne ke jin haushin sabon baƙo, shi ya sa suke kai masa naushi."

Baba ya ajiye abin da ke hannunsa. "Wannan ce maganar ban dariyar? A kan wannan uwarki ta buɗe baki a gaban mutane?"

"Ai bakin a buɗe yake dama, Baba."

"Tashi ki ba ni wuri."

Goggo ce ta fara faɗin sunan abin. Ta zo yini, ta ga Mama tana ta dariya da maƙwabciya a kan matakala, ta ga Baba yana shan shayi yana hararar bango.

"Auta," ta ce masa, don har yau haka take kiran sa duk da furfurarsa, "wai kishi kake da mai sanƙo?"

"Yaya, ki daina wannan maganar gaban yarinya."

"Ai yarinyar ta riga ni gani. Kai ka karya, wani ya gyara, maimakon ka kai masa tukuici sai kumbure-kumbure kake."

"Gyara? Gyaran da kullum ana hanya? Ni in na gyara agogo, mai shi ba ya dawowa sai dai gaisuwa."

"To ai ita ma ƙila gaisuwar take zuwa," in ji Goggo, ta ƙyalƙyale da dariya har tana buga cinya.

Baba bai yi dariya ba. Tun daga ranar ya daina cewa likita, sai "mutumin naki". Ba wai yana zargin Mama da wani abu ba ne, na tabbata da wannan. Abin da ke cin sa daban ne. Shekara da shekaru yana zaune da mace bai ga dariyarta a fili ba, rana ɗaya wani ya fito da ita, kuma duk wanda ya gani sai ya ce, "Kai, likitan nan ya iya aiki." Mai kanti ya faɗa. Maƙwabciya ta faɗa. Har wani da ya kawo gyaran tabarau ya faɗa, a cikin shagon Baba, yana zaune a kan kujerar Baba.

Abin ya faru ne wata Asabar da rana. Baba ya hawo da ƙunshin alewa mai danƙo da wani ya ba shi, ya ajiye a gaban Mama. Irin sulhunsa ke nan, ba ya cewa a yi haƙuri, sai dai ya ajiye abu. Mama ta ji daɗi, ta manta da duk abin da likita ya ce, ta ɗauki ɗaya ta gatsa da gaba. Sai na ga idonta ya fito. Ta zaro alewar daga baki, ga hular nan fara tas a maƙale a jikinta.

Na hango abin da ya rage kafin ta rufe. Ɗan kututture ne baƙi-baƙi kamar ƙwayar shinkafa. Ya fi karyayyen haƙorin da muni nesa ba kusa ba. Ta sa hannu biyu ta toshe bakin.

Baba ya ɗauki alewar, ya ɓamɓare hular a hankali, ya ɗaga ta a haske. Ban taɓa ganin fuskarsa ta washe haka ba tun da aka fara zancen haƙorin nan.

"Kin ga aikin mutumin naki? Alewar yara ta fi ƙarfinsa."

"Ba ni in nannaɗe," in ji Mama ta bayan hannu. "Yau a rufe suke, sai Litinin."

"Ki zauna da baki haka har Litinin? Ina gidan?" Ya leƙa cikin hular. "Wannan ai ba wani abu ba ne. Rami ne da abin da zai shiga ramin. Na manna abin da ya fi wannan ƙanƙanta sau ba adadi. Ku sauko."

"Likita ya ce a kai masa yadda take."

Da ta san yadda maganar za ta sauka, da ba ta faɗa ba. Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Tun da kika shigo gidan nan kike ganin aikina. Wanne ne ya taɓa ɓallewa?"

Mama ta dube shi. Ina jin ta ga abin da ni ma na gani, cewa ba zancen hula yake ba, zancen babur ɗin nan ne da ramin. Ta tashi ta bi shi.

A shago ya zaunar da ita a kujerar masu kawo gyara, ya jawo fitilar mai wuya kusa da fuskarta. Ya wanke hular, ya busar da ita da ɗan abin hura iskar da yake kore ƙura daga agogo. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko gam ɗin da yake manne karyayyen tabarau da shi, mai kamawa nan take.

"Baba," na ce, "na taɓa karantawa cewa irin wannan gam ɗin ba a sa shi a baki."

"Ke da karance-karancenki. Wanda ya rubuta ya taɓa riƙe gam?"

Na matsa gefe.

Ya ɗiga gam a cikin hular, ya kama ta da hantsaki, ya kai bakin Mama, ya danna da babban yatsa. A tabarau akan samu ɗan lokacin gyara zama. A baki, da danshi, babu. Ga kuma tsohon siminti da ya daskare a can cikin hular, wanda bai bar ta ta shige har ƙarshe ba. Gam ya kama tun tana rabin hanya, ta ɗan karkace waje. Abin da ya tsiyayo ya bi dasashi, Mama ta zabura ta ce yana ƙuna. Baba ya zo janye hannu, yatsan ya ƙi fitowa. Sai da ya murɗa shi a hankali, ya baro ɗan fatarsa a jikin haƙorin.

"Rufe bakin mu gani."

Ta rufe, bai rufu ba. Hular ta fi sauran haƙora tsawo, tana dukan na ƙasa, ƙas, ƙas.

"Zai zauna," in ji Baba. "Sabon abu ne."

Bai zauna ba. Washegari leɓenta na sama ya kumbura, dasashin ya yi fari a gefe, ja a tsakiya. Shayi kawai ta iya sha, shi ma ta gefen baki. Ko kallon banza ba ta yi masa ba. Hannun dai ya koma inda ya saba. Duk yinin Lahadi Baba yana hawa yana sauka, ya shigo ya duba fanka, ya fita, ya dawo ya duba agogon bango da ba abin da ya same shi.

Litinin da safe Mama ta sa mayafi za mu fita, sai ga shi ya hawo da ƙaramar filaya a hannu, ya naɗe bakinta da tsumma.

"Zauna in cire. Ba za ki kai masa aikina ya gani haka ba. In na cire na kankare, kya kai masa yadda take, kamar yadda ya ce."

"Baba, in ka ja kututturen ya tsage fa?" na ce.

"A hankali zan yi."

Mama ta sauke hannunta daga baki. Ga leɓe a kumbure, ga hula a karkace, maganar ma da ƙyar take fita daidai.

"Baban yara. Karon farko tsautsayi ne, ban taɓa ɗora maka ba, ko a zuciyata. Wannan in ya karye, da hannunka ne, idonka biyu. Ɗan abin da ya rage mini ke nan. In kana so, bismillah."

Ta zauna, ta buɗe baki, ta rufe ido.

Baba ya tsaya da filayar a hannu. Na ji ƙarar agogon bango, na ji wata mota tana ta hon a titi. Sannan ya warware tsumman, ya ninke shi, ya sa filayar a aljihu. Ya sauka. Muka ji ya jawo ƙofar shago ya sa kwaɗo.

"Ku sauko mana," ya ƙwala daga ƙasa. "Ko sai rana ta yi?"

A asibitin, wata ma'aikaciya ta ce mutum ɗaya ne ke raka mara lafiya ciki. Baba ya ce to shi ne mutum ɗayan. Ta dube ni, ta dube shi, ta bar mu duka. Ya tsaya jikin bango ya harɗe hannu, yana ƙare wa likitan kallo tun daga sanƙo har takalmi.

Likita ya kunna fitila, ya ɗaga leɓen Mama, ya ƙura wa hular ido.

"Wa ya yi wannan?"

Leɓen Mama yana hannunsa. Ni na sunkuyar da kai.

"Ni ne," in ji Baba. "Mijinta."

"Da me?"

"Gam na tabarau."

Likita ya ja numfashi. Ya ce ba zai iya janye hular ba, in ya ja za ta taho da kututturen. Sai dai ya yanka ta biyu ya ɓare ta, kuma ba zai san ko kututturen ya tsira ba sai ya gani da idonsa ya ɗauki hoto. Ya yi mata allurar kashe zafi. Injin ya fara kuka.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san Baba ya warware hannunsa, ya matso, ya sake matsowa, har ma'aikaciyar ta ce ya ja baya yana tare haske. Yatsun Mama suna damƙe da hannun kujera. Can muka ji ɗan ƙas, likita ya ajiye ɓari ɗaya a faranti, sannan ɗayan. Ya kankare gam ɗin kaɗan-kaɗan. Aka ɗauki hoto. Ya daɗe yana kallon hoton, Baba yana leƙe ta kafaɗarsa kamar ya san abin da ake dubawa.

"Bai tsage ba," in ji likita. "Da an ƙara kwana biyu tana dukan sa da na ƙasa, ko da wani ya gwada ja, da wani zancen muke yi."

Hannun Baba ya kai kan aljihun da filayar take, ya tsaya a nan.

Likita ya ce sai dasashin ya warke kafin a auna sabuwa, ya sa mata ta roba ta wucin gadi. Yana cire safar hannu ya dubi Baba.

"Amma maigida, gaskiya ɗaya ce. Gam ɗinka ya fi simintina riƙo. Nawa alewa ta cire, naka sai da inji."

Mama ta fashe da dariya. Rabin fuskarta a mace da allura, dariyar ta fito a karkace, har da yawu. Na dubi Baba. Da farko ƙirjinsa ya ɗan taso. Sai ya juya ya ga wanda take kallo tana dariyar, ƙirjin ya koma.

Kafin mu fito ya nemi a ba shi ɓarin hular guda biyu. Suna nan har yanzu a aljihun teburinsa, cikin ɗan gwangwanin da yake ajiye notinan agogo.

A hanya, mun kusa gida, Baba ya dubi Mama.

"Kin ji dai da bakinsa ya faɗa. Nawa ya fi riƙo."

"Na ji."

"Da ni na faɗa, ba za ki yi dariya ba."

"Da kai ka faɗa, da kuka zan yi," in ji Mama.

Yanzu an sa sabuwar hular. Ni an sallame ni daga rakiya, Baba ne ke rufe shago ya kai ta, ya tsaya jikin bangon nan. Har yau "mutumin naki" yake cewa, kuma har yau yana ganin wannan ma ta fi sauran fari. Ya kuma ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Kullum wajen karin kumallo sai ya zo da labarin ban dariya, ban san inda yake samo su ba, kuma bai iya ba da su ba, yakan faɗi ƙarshen tun a tsakiya. Shekaranjiya ya kawo na wani mai agogon da ke tafiya da baya, ya rikice, ya koma farko, ya sake rikicewa. Mama ta yi ta daurewa har ta kasa. Ba labarin take wa dariya ba, shi take wa. Tsohon sabo ya sa hannunta ya fara tashi, Baba ya yi wuf ya danne shi a kan tebur.

"Bar shi nan," ya ce. "Wannan tawa ce. Kuma kada in ji kin kai masa labarin."